Babbar turbo a kan injin 5.9: ƙarin ja ne ko ƙarin hayaƙi?

Oga Habu: Salamu alaikum. Maganata guda ce kuma ina kanta. Ƙaramar Daf mai injin Cummins 6BT da ke lodin hatsi a Dawanau, in ana so ta ja sosai, a cire mata turbonta HX35 (na'urar da ke tura wa injin ƙarin iska), a ɗaura babba HX50 irin ta manyan motocin Howo. Iska ta ƙaru, ja ya ƙaru. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Oga Habu, hayaƙin injin ne ke juya turbo, don haka a fara da lissafinsa. Injin 6BT lita 5.9 ne, a juyi 1,500 a minti yana zuƙar iska wajen lita 4,400 kafin a matsa masa. Na Howo lita 9.7 ne, shi kuma yana zuƙar sama da 7,200. An ƙera HX50 don wancan numfashin, kai kuma za ka ba ta kashi 60 cikin ɗari. Ba za ta farka ba sai injin ya yi sama sosai, alhali motar lodi tana aikinta ne tsakanin 1,300 da 1,800. A nan ɗin direba zai taka totur, mai ya shiga, iska babu, sai baƙin hayaƙi.

Malam Sani Mai Famfo: Ƙari a kan haka, mai ne ke kawo ƙarfi, iska tana taimaka masa ya ƙone ne kawai. In ba a taɓa famfon mai da nozul ɗin da ke fesa shi ba, ko turbon jirgi ka ɗaura dokin injin yana nan yadda yake.

Oga Habu: To a buɗe famfon mana, Malam. Kuma akwai abin da kuka tsallake. A doguwar hanya, Kano zuwa Kaduna da cikakken lodi, ƙaramar turbo tana shaƙe injin. Hayaƙi ba ya samun mafita da sauri, yana taruwa a manifol, wato bututun da ke kai shi daga injin zuwa turbo, zafi ya hau. Ko ƙarya na yi?

Injiniya Bashir: Nan kam ka yi gaskiya. Amma maganinsa taki ɗaya ne, kai kuma ka yi tsalle uku. Holset, masu ƙera turbon HX, suna rubuta lambar girman gidan hayaƙin turbo a jikinsa. In naka 12 ne, ka koma 14, ko ka ɗauki HX40 mai gida 16, wadda dama ita ke zuwa a kan Cummins mai lita 8.3. Za ka ɗan rasa kuzarin tashi daga tsaye, ka samu sauƙin zafi a kan hanya. HX50 kuwa bakinta ma bai dace da manifol ɗin ba, sai an yi mata adafta, an sake bututun salansa da tiyon mai.

Alhaji Ɗanladi: Mu masu motoci tambayarmu ita ce ta yaya za a gane an yi daidai, tunda kowane makaniki cewa yake nasa ne daidai?

Injiniya Bashir: Ranka ya daɗe, da agogo biyu. Ɗaya na matsin iska, ɗaya na zafin hayaƙi, a huda manifol a dasa shi kafin turbo. A gwada motar da lodinta a hawa. Zafi kada ya zauna sama da digiri 700 na Celsius, domin fistin alminiyom ne. Matsi kuma, wanda ake auna shi da bar, kada ya wuce bar 2 a kan gaskit da kusoshin kan injin na kamfani.

Ado Kanikanci: Ni fa ina ganin rabin motocin da ake ce wa turbonsu ta yi ƙanƙanta, iskar ce ke zurarewa a hanya. Kafin a kashe ko sisi a Ƙofar Ruwa, a toshe bakin tiyo, a hura iskar kwamfiresa bar 1 zuwa 1.5 cikin intakula (mai sanyaya iskar turbo), a bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu. Kumfa za ta tona kilif ɗin da ya saki. Sannan a duba matatar iska. Lokacin hunturu ƙurar garin nan tana toshe ta da wuri, wasu yaran mota kuma su yi ta buga ta a taya har takardar ta tsage. Ƙurar da ta wuce ita ke cinye bakin farfelar turbo.

Oga Habu: Shi ke nan, a haɗa turbo biyu. Babba ta hura wa ƙarama, ƙarama ta hura wa injin. Tashi ya samu, hanya ta samu.

Malam Sani Mai Famfo: Yana aiki, ba musu. Sai dai matsin biyun ninkuwa yake, nan da nan ya haye bar 3. Ka shirya sayen kusoshin kai masu ƙarfi, da kulochi mai riƙo, da mai walda da ya san aikinsa. Kuɗin ya kusa kai ka ga injin 8.3 ɗan Kwatano. Kuma don Allah a daina ɗaure sandar ƙofar rage hayaƙi da waya. Farfelar nan tana juyi sama da sau 100,000 a minti, ƙofar ce ke hana ta wuce iyaka.

Alhaji Ɗanladi: In HX40 ɗin za a saya ta hannu, me za a duba?

Ado Kanikanci: Alhaji, ka kama shaf ɗin da yatsu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, muddin farfela ba ta gogar gida. In ka ja gaba da baya ka ji yana tafiya, ajiye musu kayansu. Wajen ɗaurawa a sake tiyon da ke kai baƙin mai, saboda tsohon yakan toshe da gawayi. A wanke intakula tas, domin man da ya kwanta a ciki injin na iya zuƙarsa ya yi ta gudu ko an zare makulli. A tsiyaya baƙin mai a bakin shigarsa na turbo, a juya farfela da hannu kafin a tayar. Direba kuma in ya iso, ya bar ta a silo minti 3 zuwa 5 kafin ya kashe.

Oga Habu: HX40 ɗin na karɓa. Amma gida 16 ko 18, wannan sai agogon zafi ya raba mu.