Ɗalibata ba ta magana a aji, amma a gida baki har kunne

Assalamu alaikum malamai 'yan uwana da iyaye, shawara nake nema.

Ina koyar da 'yan aji 2 na firamare. Akwai yarinya 'yar shekara 7 da tun farkon zango ban taɓa jin muryarta ba. Rubutunta tsaf, lissafinta daidai, amma da na kira sunanta sai ta daskare, ta kafe idonta a kan benci tana murza gefen littafi. Ko fitsari ne ya matse ta ba za ta nemi izini ba. Mahaifiyarta kuwa ta ce a gida surutu har sai an tsawatar mata.

Na gwada lallashi, na gwada kyauta, na zaunar da ita kusa da ƙawarta. Wani abokin aiki ya ce taurin kai ne, a matsa mata. Ban yarda ba, don ranar da aka tsayar da ita gaban aji jikinta rawa yake yi. Na karanta cewa akwai lalurar fargaba da ke hana yaro magana a wasu wurare kawai, kuma idan ta wuce wata 1 (ban da watan farko na shiga makaranta) ya kamata masani ya duba.

Matsalar, ba mu da mai ba ɗalibai shawara. Yaya zan fahimtar da iyayenta ba tare da sun ɗauka taɓin hankali nake nufi ba? Likitan yara za a fara gani, ko masanin halayyar ɗan Adam? Kafin nan kuma, ta yaya zan auna karatunta tunda ba ta buɗe baki?