Gutsattsarin taswirar Rum marasa zane: bincike ne ko ɓata lokaci?

Ɗan Birni: Jama'a, a ganina nazarin gutsattsarin taswirar birnin Rum waɗanda babu zane a kansu ɓata lokaci ne. An sassaƙa taswirar a dutsen marmara tsakanin shekara ta 203 da ta 211 miladiyya, zamanin Sarki Seftimiyus Seferus, faɗinta kusan mita 18, tsayinta 13. Abin da ya tsira bai wuce kashi 15 cikin 100 ba. Masu zanen ma da yawa ba a gano gurbinsu ba, sai a koma kan dutsen da ba komai?

Malamar Tarihi: Ɗan Birni, ka yi gaggawa. Masassaƙan ba su zana kogin Tiba da ya ratsa birnin ba, fili suka bar masa tsakanin gine-ginen gaɓarsa. Ka ga dutsen da ka raina yana iya zama kogin ne da kansa, ko tsakiyar wani dandali.

Ɗan Birni: To Malama, ta yaya za ki bambance kogi da dandali alhali duk fili ne?

Injiniya: Dutsen ne zai faɗa maka. Taswirar alluna ce kusan 150, kuma kaurinsu ba ɗaya ba ne. Wani bayansa sumul, wani da kaushi. Ga jijiyoyin da ke ratsa marmarar, kowane allo da inda nasa suka nufa. Ga ramukan ƙarafan da aka kafe su da su, waɗanda har yau ana ganin takwarorinsu a bangon da taswirar take a da, wanda yanzu bangon cocin Kosma da Damiyano ne. Da irin waɗannan alamu masanan Jami'ar Stanford suka yi aiki bayan sun ɗauki hoton gutsattsari 1,186 da na'ura. Guntu marar zane yana iya haɗa masu zane biyu da ba sa taɓa juna.

Baba Alhaji: Yarana, ni abin da ke ci mini rai, bayan an tono su a 1562, wasu ma gini aka yi da su a lambun gidan Farnese, wasu manyan masu faɗa-a-ji na Rum. Raina su da aka yi ne ya jawo wannan asarar.

Ɗan Birni: Allah ya ƙara girma, Baba, ban ce a zubar ba. A adana, amma kuɗin bincike a fara da masu zane.

Malamar Tarihi: Ai ba a raba su. In ba ka auna marasa zanen ba, da me za ka san inda gefen allon ya tsaya?