Musayar Waƙa: Katin Biki da Idon Mai Karatu

Dattijon Ƙofar Doka: Assalamu alaikum. Na buɗe wannan musaya a kan katunan biki da ake bugawa a garin nan na Zariya, kuma ina roƙon duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon da na fara da shi.

Katin biki kan zo da ruwan zinare,
A kan farar takarda yana walƙawa.
A sa tabarau a nemi rana da wuri,
Haruffa sun murɗe, ba su karantuwa.
Ku masu tsara zane ina tambayarku,
Wa kuka yi wa, in ido yana gazawa?

Mai Zane na Sabon Gari:

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya,
Mai biki ke zaɓe, mu muna bugawa.
Yakan ce a sa sunayen dangi duka,
Sai harafi ya yi ta ƙanƙancewa.
Ko Alƙur'anin hannu yana da zayyana,
Ado gadonmu ne, ba abin yasarwa.

Malama ta Samaru:

Ɗan'uwa, hujjarka ta komo kanka,
Dubi aikin alaramma da natsuwa.
Baƙi da baƙar tawada, wasali da ja,
Hamza ɗigon rawaya, kowa na ganewa.
Zayyana a gefen shafi take zamanta,
Ba ta hawa kan aya tana rufewa.
Ƙa'idar intanet ma haka ta tanada,
Tsakanin harafi da inda yake kwantawa,
A samu bambancin haske da duhu,
Na 4.5 bisa 1, ko abin da ke ɗarawa.

Tsohon Ma'aikacin Maɗaba'a, Tudun Wada:

Malama ta faɗi gaskiya, ga ƙarina,
Mu Zazzagawa bai dace mu yi mantuwa.
A nan aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo,
A 1939, Hausa aka riƙa bugawa.
Yau sai a zaɓi salon da ba ƙ, ɗ da ɓ,
A gurbinsu akwati ke fitowa.
Ku buɗa layi, ku bar fili a gefe,
Ku gwada wa tsoho kafin miƙawa.

Mai Zane na Sabon Gari:

Na karɓa, iyayena, salo biyu sun isa,
Rana da wuri su zan fi girmamawa.
Amma uwar amarya da jerin sunayenta,
A cikinku wa zai je ya nemi ragewa?