Zogale da ɗoɗɗoya: ganye ya yi yawa, ƙarfin maganin fa?

Mai Lambu Jega:
Assalamu alaikum. Ana ta cewa iskar kabon da ke ƙaruwa taki ce ga tsiro. To mu masu noman zogale, ɗoɗɗoya da na'a-na'a a fadama, riba muke ci ko faɗuwa? Masu saye na ƙorafin ganyen bazara ba ya ƙamshi.

Malamin Gona Aliero:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin zamanin masana'antu kabon kashi 280 ne cikin miliyan na iska, yanzu ya haura 420. Zogale da ɗoɗɗoya suna cikin tsirran da ke ƙara girma da ita, saɓanin gero da dawa. Sai dai ganyen yana tara sitaci fiye da yadda saiwa ke jawo naitirojin (sinadarin da tsiro ke samu daga ƙasa da taki), sai furotin da sinadarin ƙarfe na cikin ganyen su yi ƙasa. Sinadarai masu bauri, irin na bagaruwa, su kan ƙaru. Ke nan mai awon magani da cikin hannu ba lallai ya samu ƙarfin da ya saba ba. Takin gargajiya ruɓaɓɓe na taimakawa, amma kada a zuba ɗanye a gindi, yana ƙona saiwa.

Hajiya Mai Ganye, Birnin Kebbi:
Malam, gaskiya ne, amma ƙorafin Alhaji zafi ne ya kawo shi. A Afrilu zafi kan haura digiri 40. Tsiro sai ya rufe ƙananan ƙofofin ganyensa don kada ruwa ya tsere, kabon ma ba ta shiga, fure ya kaɗe. Man da ke ba na'a-na'a ƙamshi kuwa tashi yake a iska. A yi ban ruwa da asuba, a rufe gindi da ƙaiƙayin shinkafa, a yanki ganye da safe bayan raɓa ta bushe, kafin tsiron ya cika fure.

Ɗan Zuru:
Yawancin asarar ma a wurin shanya take. Ana baza zogale kan leda a tsakar rana, ya koɗe ya zama ruwan ƙasa. A shanya a ɗaki mai iska, kan raga, kada a tula. In ya karye ƙaras a hannu, ya bushe. Mai sauran danshi in aka ɗaure a leda, fumfuna za ta kama shi.