Kunyar ɗan fari: idan muka bar ta, me muka bari?

Ɗan Ƙofar Doka ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, kuma da gaske nake neman amsa. Ni mai ɗinkin hannu ne a cikin birnin Zariya, aikin da na gāda wurin mahaifina. Allah ya ba mu ƙaruwa a bana, ɗa namiji, shi ne na fari. Matata a Samaru ta tashi, gidan 'yan boko. Tana kiran yaron da sunansa na yanka a gaban kowa, tana yi masa wasa, tana sumbatarsa ko da Inna na zaune. Inna ba ta ce mata uffan ba, sai dai ta kawar da kai. Ni ta kira zaure ta ce, "Yanzu haka za ku riƙe gidan nan, ba kunya ba kara?"

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai shi ne ni ma ɗan fari ne. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Kai wannan" take cewa, ko ta aiki ƙanena ya kira ni. Da aka yaye ni kakata ce ta ɗauke ni, a ɗakinta na yi wayo. Ban taɓa shakkar son da Inna take yi mini ba, na san wa ke ajiye mini ƙanzon tuwo a ɓoye. Amma kuma ba na jin ina son ɗana ya tashi haka. To mene ne al'ada ke nan? Hawan Sallah ne da babbar riga mai aska takwas, ko har da irin wannan? Wa ke da ikon cewa wannan ta tsufa, waccan a riƙe?

Tsohon Malamin Makaranta, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. Allah ya raya, ya sa mai jin ƙanku ne. Ɗana, hawan Sallah da riga suna ciki, amma su ne na sama-sama. Al'ada ita ce duk abin da ka koya wurin mutanenka ba tare da an zaunar da kai an karantar da kai ba: yadda kake durƙusawa ka gaida babba, hannun da kake karɓar abu da shi, wanda ke fara sa hannu a akushi, abin da ke sa ka jin kunya ko da ba mai ganinka.

Kunyar ɗan fari tana da aikin da take yi. A gidan gandu, inda uba da 'ya'yansa da matansu suke noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya, idan kowace mace ta rungume nata, gida ya rabu. Sai aka sa uwa ta ja baya daga ɗanta na fari, kaka ta ɗauka, goggo ta yi riƙo, baffa ya tsawata. Yaro ya zama na gida duka, kuma ko uwarsa ta fita ko ta rasu ba ya zama maraya. Yanzu da kowa ke kama hayar ɗaki biyu a Sabon Gari ko Samaru, dalilin ya yi rauni, shi ya sa matarka ba ta ga amfaninta ba. Ba rashin tarbiyya ba ne.

Kuma ka duba tarihin garinmu. Lokacin jihadi, da Malam Musa ya karɓi Zariya, Sarki Makau da jama'arsa suka yi kudu. Ƙaninsa Abu Ja ya kafa gari a 1828, garin da yau ake kira Suleja. Ganuwa da kasuwa da gonaki duk a nan suka bar su, amma har gobe sarkinsu Sarkin Zazzau ake ce masa, da sarautunsu da harshensu a tsakiyar Gwari da Koro. Abin da suka ɗauka a kansu shi ya sake gina musu gari.

Ungozoma:

Baba Malam, Allah ya ƙara girma, na yarda da kai amma ina so in ƙara. Ba duk abin da muka gāda ne ake yi wa kara ba. Ni aikin karɓar haihuwa nake yi. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na jami'ar Ahmadu Bello sun yi bincike a nan Zariya kan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suna kumbura, numfashi na yi musu wuya. Sun danganta yawan abin da yadda ake jego: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai yawa, wanda gishirinsa ke tara ruwa a jiki. Iyayenmu da kyakkyawar niyya suka yi, suna gudun sanyi ya shiga jikin maijego. Har yau ina ganin mata da bayansu ya saɓule saboda ruwan zafi.

Amma ba na taɓa ce wa kowa ta bar wankan gida. Kwana arba'in mace na hannun uwarta, ba girki, ba ɗaukar ruwa, ana ba ta ƙauri da tuwo mai zafi, wannan gata ne da asibiti ba ya iya bayarwa. Abin da nake cewa a sirka ruwan, a rage kanwa, a zo awo. Yawancin tsofaffin suna yarda idan ba a zo musu da raini ba.

Bawusashiya:

Ni Kirista ce, Bahaushiya, daga Wusasa. Tun 1929 mishan ta koma can daga cikin birni, kuma kakannina a nan suka zauna. Kakata ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba har ta koma ga Allah, ɗanta na fari kuwa da laƙabi take kiransa. Lefe muna yi, gaisuwar surukai a durƙushe muna yi. Na faɗi haka ne don mutane suna haɗa al'ada da addini wuri guda, sai a ɗora wa mutum zunubi kan abin da ba zunubi ba ne. Matarka ba ta saɓa wa Allah ba don ta kira ɗanta da sunansa. Ka tambayi malamanku, na tabbata haka za su ce maka.

Maman Biyu, Samaru:

Yaya, ka yi haƙuri, zan tsaya wa matarka. Ni 'yar fari ce kuma na ji zafin abin. Ranar da aka kai ni ɗakin miji kowa ya yi mini nasiha ban da mahaifiyata, tana ƙuryar ɗaki saboda alkunya, alhali ita nake son ji. Shekaru na yi kafin na iya zama da ita mu yi hira. Ba zan yi wa 'ya'yana haka ba.

Sai dai Inna ma tana da gaskiyarta, tsoronta kada a mayar da ita baƙuwa a gidan ɗanta. Ku ba ta jikan ta sa masa laƙabin da take so, kowa ya riƙa kiransa da shi idan an zo cikin birni. A gabanta matarka ta ɗan rage wasan, ta miƙa mata shi ta goya. Idan lokacin yaye ya yi, ya je ya yi mata sati biyu ko wata ɗaya, ba riƙon dindindin ba. Kuma kai za ka yi wa Inna bayanin nan da bakinka, kada ka bar wa matarka, domin daga bakin suruka ba za ta ji shi da daɗi ba.