Ina ya fi dacewa a ajiye shafin kwas na ɗalibai 300?

Malamar Kimiyya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara kan kwas na aji biyu a jami'a, mai ɗalibai kusan 300. Abin da ake so shi ne wurin ɗora takardun lacca, karɓar aikin gida, da yin tes sau biyu a zango. Kusan duk ɗaliban da waya za su shiga, kuma datarsu ƙidayayyiya ce. Wasu na cewa GitHub Pages (wurin ajiye shafin intanet na kamfanin GitHub), wasu Moodle (manhajar gudanar da kwas ta intanet), wasu kuma a kama hayar wuri mai arha a kamfanin hostin, wato masu ba da hayar wurin ajiye shafi. Wanne ya fi, kuma me zan kiyaye?

Injiniyan Sabar:
Wa alaikumus salam, Malama. Buƙatunki iri biyu ne, kar a haɗa su a wuri ɗaya don dole.

Takardun lacca da jadawali, abin da ba laifi kowa ya gani, GitHub Pages ya ishe su, kuma kyauta ne. Shafin bai kamata ya wuce 1GB ba, abin da ake saukewa a wata kuma kusan 100GB ne iyakarsa. Idan takardun zango duka sun kai 50MB, ɗalibai 300 suka sauke, 15GB ke nan, akwai sauran fili da yawa. Amma ki sani ba ya gudanar da PHP (harshen kwamfuta da aka rubuta manhajoji irin su Moodle da shi) ko rumbun bayanai, don haka babu shiga da kalmar sirri, babu miƙa aiki, babu tes. Kuma duk abin da aka ɗora a fili yake ga duniya. Maki da lambar rajistar ɗalibai kada su je can ko kusa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta shafi irin wannan.

Aikin gida da tes kuwa aikin Moodle ne. Kafin ki kashe ko kwabo, ki je sashen ICT na jami'arku ki tambaya ko suna da shi a kunne, domin jami'o'i da yawa suna da shi, buɗe miki kwas kawai za a yi. Idan ma a waje za ki ajiye shafin, ki nemi su ba ki ƙaramin adireshi a ƙarƙashin na jami'a mai .edu.ng, su nuna shi ga masaukin ta rikodin CNAME, wato saitin da ke haɗa adireshi da masaukin shafi. Ɗalibai sun fi yarda da shi, kuma ko an sauya masauki adireshin na nan.

Mai Kula da Moodle:
Na yarda da Injiniya, amma bari in tsaya kan hostin mai arha, don nan ake yawan ƙonewa. A irinsa shafuka ɗaruruwa ne ke rabon sabar ɗaya, wato kwamfutar da shafukan ke zaune a kanta, kuma kamfanin yana ƙayyade yawan aikin da shafinki zai yi a lokaci guda. Ranar da mutum 20 ke karatu, lafiya lau. Ranar tes da 300 suka danna "fara" a minti ɗaya, sai shafin ya fara ba da kuskure 503 ko 508, wasu su rasa amsoshinsu. Yawan masu shiga a lokaci guda ake aunawa, Malama, yawan masu rajista ba shi ne ma'auni ba. Tsohon lissafin masu Moodle shi ne mutum 10 zuwa 20 a lokaci guda a kowane 1GB na RAM, wato ma'adanar aiki ta sabar. Don haka ko ki kama VPS (yankin sabar da aka keɓe miki ke kaɗai) mai RAM 4GB zuwa 8GB, ki kasa ɗaliban rukuni-rukuni na 60 zuwa 80 da lokuta daban, tambayoyi na fitowa a gauraye daga rumbun tambayoyi, ko ki bar tes a aji da takarda.

Idan kin tafi VPS, abu huɗu ne ke yawan ɓata aiki. Na farko cron, mai tayar da ayyuka a kan lokaci: dole fayil ɗin admin/cli/cron.php ya riƙa gudana duk minti ɗaya, in ba haka ba saƙonni ba za su fita ba, kwafin ajiya mai yin kansa ma ba zai yiwu ba. Na biyu, PHP yana zuwa da upload_max_filesize, wato iyakar girman fayil ɗin da za a ɗora, a 2MB, ɗalibi ya ɗauki hoton aikinsa da waya ya ƙi hawa. A ɗaga shi tare da post_max_size zuwa 20MB, a sa max_input_vars a 5000, don sababbin Moodle ba sa girkuwa ƙasa da haka. Na uku, foldar moodledata, inda Moodle ke ajiye fayilolin da aka ɗora, ta zauna a wajen foldar da ake gani daga intanet, in ba haka ba aikin ɗalibai na iya faɗawa hannun kowa. Na huɗu, takardar tsaron shafi (ta https) daga Let's Encrypt kyauta ce amma gajeren wa'adi gare ta, a tabbatar manhajar certbot tana sabunta ta da kanta.

Kwafin ajiya kuma ya haɗa rumbun bayanai da moodledata tare, kullum da dare, a wata na'ura daban. Ɗaya kaɗai daga cikinsu ba ya dawo da kwas.

Malamar Kimiyya:
Na gode, Allah ya saka. To bidiyon lacca fa? Kuma idan sashenmu ba shi da mai kula da sabar?

Injiniyan Sabar:
Kar ki ɗora bidiyo a sabar, shi ne zai fara cinye wuri da layi. Ki sa shi a YouTube a matsayin wanda sai mai mahaɗi zai gani, don yana rage inganci daidai da ƙarfin layin ɗalibi. Ki yanka shi minti 10 zuwa 15, ki kuma ajiye sautin kaɗai a MP3 saboda masu ƙarancin data. Manhajar Moodle ta waya tana bari a sauke darasi a karanta ba intanet, amma sai an kunna hidimar waya a saitin shafin.

Idan babu wanda zai riƙa sabunta PHP da Moodle, gaskiya ban ba ki shawarar VPS ba, domin sabar da aka bari ba kulawa masu kutse ne ke gadonta, ga kuma biyan haya da dala duk wata a kamfanonin waje. A nan Google Classroom ya fi sauƙi, musamman idan imel ɗin jami'arku na Google ne: yana karɓar aiki, ana yin tes ta Google Forms, kuma nauyin sabar ba a kanki yake ba. Ki dai sauke maki a fayil ɗin CSV (jadawalin da Excel ke buɗewa) bayan kowane tes, ki ajiye kwafi a ofishin sashe.