Tambaya: 'yar rolar kwantar da ɗinki tana aiki kuwa?

Maman Hanifa, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Ni a gida nake ɗinki nan Jos, guntayen atamfa nake harhaɗawa ina yin zanin gado da rigar filo. Kun san wannan aikin, kowane ƙyalle ka haɗa sai ka kwantar da bakin ɗinkin kafin ka ɗora na gaba, in ba haka ba kusurwoyin ba za su haɗu ba. To wuta ba kullum ba, ƙaramin janaretanmu kuma ba ya ɗaukar dutsen guga. Na gawayi nake hurawa, ga toka, ga tsoron tartsatsi a kan kayan mutane. Na ga wata 'yar taya mai mariƙi a intanet, wai murzawa kawai ake yi a kan ɗinkin ya kwanta ba wuta. Don Allah akwai wanda ya gwada? Kada in zuba kuɗina a banza.

Tela Gangare:
Wa alaikumus salam 'yata. Tana aiki, amma a kan auduga. Atamfa ta gaske da shadda suna riƙe kari ko da farce kika ja su. Yadin roba kuwa kina ɗaga hannu zai miƙe abinsa. Gam ɗin da muke mannawa a wuyan riga ma sai da zafi yake kamawa, wannan babu dabara. Kada ki yar da dutsenki.

Anti mai jaka, Bukuru:
Maman Hanifa, ni kam ita ce hannun damana. Jakunkuna nake yi da fata da leda mai kama da fata, wadda dutse yana taɓa ta sai ta narke ta manne. Tawa ta katako ce, faɗin tayar bai fi inci ɗaya ba, kuma tsakiyarta ya ɗan fi gefe tudu, shi ya sa layin ɗinkin kawai take dannawa, ba ta barin shatin bakin yadi ta waje.

Ga yadda za ki yi. Ki ajiye ta a gefen keke. Kina gama layi ki kifa aikin a kan tebur mai tauri, ba kan bargon guga ba, don laushi yana cinye ƙarfin dannawar. Ki buɗe bakin ɗinkin da yatsa, ko ki kwantar da shi ɓangaren ƙyallen da ya fi duhu don kada ya nuna ta cikin fari, sannan ki murza da ɗan ƙarfi, gaba da baya. Inda za ki kula sosai shi ne ƙyallen da aka yanka a karkace, irin masu kusurwa uku. Nan yadi yake ja. Ki danna a hankali, kada ki tura shi gaba, in ba haka ba gefen zai yi tsawo ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa. In kin gama haɗa zanin gaba ɗaya sai ki hura gawayinki sau ɗaya ki bi shi da guga.

Tela Gangare:
Kafin ki saya ma, ki gwada da bayan cokali. In ya yi miki, ki leƙa Kasuwar Katako wajen kafintoci, su yanka miki guntun madaci kamar tsawon tafin hannu, a fere bakinsa a goge shi sumul, ki riƙa danna ɗinkin da shi. Ki ce kada su shafa masa fenti ko mai, zai ɓata farin yadi.

Maman Hanifa, Unguwar Rogo:
Baba na gode, Anti Allah ya ƙara kasuwa. Yanzun nan na gwada cokalin a kan atamfa, wallahi ya kwanta lif. Anti, ke a ina kika samu taki mai tayar, cikin kasuwar Taminus ta nan Jos ko aiko miki aka yi?